Taga biyu a cikin QEMU

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa uku zan kawo a kan sauƙaƙa rubutun manhaja, wato code, da ke girka fw_cfg a cikin QEMU.

Na farko, mene ne fw_cfg ɗin. QEMU dai Fabrice Bellard ne ya fara ta a 2003, kwamfutar kwaikwayo ce da ke gudana a cikin ta gaske. Da an kunna ta, manhajar tayarwa, SeaBIOS ko OVMF, takan farka kamar baƙon da mota ta sauke a tasha da tsakar dare. Ba ta san yawan RAM ba, ba ta san daga wane faifai za ta tashi ba. Fw_cfg take tambaya, wata ƴar na'urar kwaikwayo da QEMU ke miƙa mata bayanin injin ta cikinta.

Nan ne abin ke burge ni. A x86, wato tsarin kwamfutocin Intel da AMD, da farko taga biyu ce kawai. Ka rubuta lamba a 0x510, ka karanta amsa a 0x511, bait ɗaya bayan ɗaya. Bait ɗaya, jama'a! Awon gero da cokalin shayi. Ka tura sifili, ya amsa maka da haruffa huɗu: Q, E, M, U. Wato "salamu alaikum", "wa alaikumus salam". Ka tura 0x19, ya miƙo jerin fayiloli, irin su bootorder da etc/e820, kowane suna da gurbin bait 56. To ka ce za ka ɗebo kanal ɗin Linux, wato zuciyarta, gaba ɗaya da cokalin nan. Ni na taɓa zama ina kallon baƙin allo har shayina ya huce. Shi ya sa aka buɗe ta uku a 0x514, ta DMA, wato zuba bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, a kwaso da buhu.

Ina muke? Na biyu. ARM, wani tsarin daban da x86, ba ta da waɗannan tagogi, a injin kwaikwayonta mai suna virt sai aka ajiye na'urar a adireshin ƙwaƙwalwa 0x09020000. Daga nan hanyoyin girkawa suka yi ta haihuwa a hw/nvram/fw_cfg.c: fw_cfg_init_io_dma, fw_cfg_init_mem, fw_cfg_init_mem_wide. Wannan ta ƙarshen, sunanta faɗi yake nufi, alhali ita aka ɗora wa karɓar adireshin DMA. Suna ya yi gabas, aiki ya yi yamma. Gyaran shi ne a tara abin da ake maimaitawa wuri ɗaya, a raɗa sunan gaskiya.

Na'am, ɗan'uwa mai farar hula?

"Malam, tunda DMA ta fi sauri, me zai hana a toshe tsohuwar tagar kowa ya huta?"

A'a, kar ka soma! Ta tsohuwar tagar manhajar tayarwa ke sallama, ta nan take karanta lamba 1 ta ga ko akwai DMA ɗin ma. Ga kuma injinan da ake ƙaura da su suna kunne, daga tsohuwar QEMU zuwa sabuwa. Ka share cikin ɗaki yadda kake so, amma 0x510 tana nan inda baƙo ya san ta. Na ukun kuma, ga ladan can ya fara kira, sai bayan la'asar.