Abin da Bincike Ya Nuna Game da Shaye-shaye a Najeriya, da Abin da Ya Kamata Hukuma Ta Yi da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, da 'yan'uwa ɗalibai, ina godiya da wannan dama. Maganata ta yau a kan shaye-shaye ce, amma ba ta fuskar wa'azi ba, domin malamai sun riga sun bayyana haramcin duk wani abin sa maye, kuma babu mai jayayya da wannan a cikinmu. Tambayata ita ce, idan hukuma za ta kafa doka ko ta kashe kuɗin jama'a a kan wannan matsala, da wane ilimi take dogara?

Mu koma shekarar 2018. A ƙarshen watan Afrilu BBC ta fitar da binciken da ta yi a ɓoye, wanda ya nuna yadda maganin tari mai kodin yake fita daga hannun wasu ma'aikatan kamfanonin magani zuwa kasuwar bayan fage, da halin da matasa suke shiga a Kano da sauran garuruwa. Kafin a yi kwana biyu, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da haramta sarrafa wannan magani da shigo da shi. Kafin nan, a 2017, an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin a kowace rana a Kano da Jigawa kaɗai, kuma wannan adadi ya yi ta yawo a jaridu da gidajen rediyo har ya zauna a zukatan mutane.

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban bincike na farko da ya game ƙasar nan a kan shaye-shaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta gudanar da shi tare da cibiyar binciken shaye-shaye ta CRISA da ke Uyo, da taimakon Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da kuɗin Tarayyar Turai. An shiga gidaje sama da 38,000 a jihohi 36 da Abuja, sannan aka zauna da mutane sama da 9,000 da shaye-shaye ya yi wa katutu, saboda masu binciken sun san cewa irin waɗannan ba a cika samun su a gida ba, kuma ko an same su ba za su buɗe baki a gaban iyayensu ba.

Binciken ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabace shi. Wannan kashi 14.4 ne cikin ɗari, ya ninka matsakaicin adadin duniya fiye da sau biyu. Tabar wiwi ce a kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol da miliyan 4.6. Waɗanda suka sha maganin tari don maye a duk faɗin ƙasar, a tsawon shekara guda, miliyan 2.4 ne. Ku ajiye wannan kusa da kwalba miliyan 3 a kullum a jihohi biyu, za ku ga lissafin ba ya haɗuwa. Ba ina rage girman bala'in kodin ba ne, duk wanda ya ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu ba zai rage ba. Amma adadin da aka kumbura yana jawo hankalin hukuma duka zuwa abu ɗaya, alhali tiramol, wadda masu shanta da ire-irenta suka kusa ninka na kodin, tana ci gaba da shigowa mai ƙarfin miligiram 225, bayan wadda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da ita 50 ce da 100.

Binciken ya kuma rusa wani zato da aka daɗe ana yi mana, cewa Arewa ce cibiyar shaye-shaye. Kudu maso Yamma ce ta fi kowa da kashi 22.4, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin kashi 12 ɗin nan kimanin mutum miliyan 3 ne, kuma Kano kaɗai tana da kashi 16, wato sama da mutum miliyan ɗaya.

Inda nake so mu ɗan tsaya shi ne batun mata. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, kuma a shan maganin tari mata ba su gaza maza ba, har sun ɗan zarce su. To amma ku leƙa wuraren da ake kula da masu wannan lalura, za ku tarar matan ƙalilan ne. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san al'adarmu. Namiji idan ya lalace ana iya ɗaukarsa a kai shi asibiti, amma budurwa ko matar aure sai a rufa asiri, don kada a ji a unguwa, don kada auren ya mutu ko ƙannenta su rasa masu nema. Haka za ta ci gaba da sha a cikin ɗaki, babu likita, babu mai ba ta shawara. Tsarin da bai tanadi ma'aikata mata da wurin da mace za ta je a asirce ba, ya bar rubu'in masu matsalar a waje.

Kusan mutum miliyan 3 ne binciken ya nuna abin ya zame musu cuta, wato jikinsu ya kamu har ba sa iya bari da kansu. A cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kusan kashi 40 sun ce sun so a yi musu magani amma ba su samu ba, saboda tsada, da tsoron tsangwama, da rashin wurin zuwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da wanda ke Dawanau a Kano, ba za su ɗauki wannan nauyi ba, ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su kai 300 ba. Wannan giɓi ne gidajen mari suka cike. Da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, an yi ta zargin iyaye. Ni kuwa ina ganin mafi yawansu mutane ne da suka rasa inda za su kai 'ya'yansu. An rufe gidajen, kuma daidai ne a rufe su, amma ba a buɗe abin da zai maye gurbinsu daidai da buƙata ba.

Wasu ƙasashe sun gwada wata hanya. Tun 2001 Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai. Abin bai halatta ba, ana ƙwace shi, amma ana tura mutumin gaban kwamitin da ya ƙunshi masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, dillali kuwa kurkuku yake zuwa. Kamuwa da cutar ƙanjamau tsakanin masu yin allurar ƙwaya ta ragu ƙwarai, amma saboda an zuba kuɗi a wuraren magani ne tare da sauya dokar. Gana ma a 2020 ta mayar da hukuncin mai sha tara maimakon ɗauri. Ba na cewa mu kwafo wannan yadda yake, amma raba mai sayarwa da mai sha a wajen hukunci abu ne da ya kamata 'yan majalisarmu su zauna su duba.

Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara ƙaimi wajen kamu tun zuwan Janar Buba Marwa a 2021, kuma ta cancanci yabo. Sai dai yawan kayan da aka kama yana nuna ƙoƙarin jami'ai ne, ba ya gaya mana ko masu sha sun ragu. Alƙaluman da na karanto muku hoton 2017 ne, kuma tun daga lokacin an ga sababbin abubuwa a hannun matasa, irin su a-kurkura. Amurka tana yin irin wannan bincike duk shekara. Mu ma ya kamata a sa shi cikin kasafin kuɗi a riƙa maimaitawa, a shigar da giya da cacar waya a ciki, sannan jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, su riƙa yin nasu a matakin ƙaramar hukuma, cikin harshen Hausa, da mata a cikin masu yin tambayoyin. A nan zan dakata, Shugaban taro, don a samu lokacin tambayoyi.