Arha a bakin tafki, tsada a Sabon Gari: abin da korona ta yi wa kifi

Jama'a barkanmu da warhaka. Tambaya ɗaya ce ta cika mana sharhi: in har masu kiwon kifi kuka suka yi lokacin korona cewa babu mai saye, me ya sa kifi ya gagari talaka a kasuwar Sabon Gari ta Zariya? Wasu ma cewa suke ɗaya daga ciki ƙarya ne. Duka biyun sun faru, kuma a lokaci guda.

[Hoto: titin Tudun Wada fayau, shaguna a rufe]

A 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mai cutar na farko a Legas. Kafin Maris ya ƙare Kaduna ta shiga kulle, Legas da Abuja suka biyo, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Motocin abinci dai an ce su wuce.

Kifin da muke ci a Zariya ta hanya uku yake zuwa. Na ƙanƙara, su titus da shawa, jirgin ruwa ke kawo shi daga ƙasashe irin su Norway da Holan, ya sauka Apapa, tirela ta hauro da shi. Banda tana zuwa daga Yawuri, Haɗeja da Nguru. Sai tarwadar kiwo da ɗan abin da masunta ke samu a Galma.

[Hoto: tafki, tarwada na wawar abinci]

To, ku tsaya nan, don nan ne ake ɓatan kai. Manomi in masara ta faɗi, rumbu zai zuba ya jira farashi. Mai tarwada ba shi da wannan damar. Ku dubi bakunan nan: safe da yamma sai sun ci, kuma abinci shi ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwo. A wata huɗu zuwa shida ta isa sayarwa. In ta wuce haka, ci take ƙarawa, girman kuwa kaɗan-kaɗan. Kowace rana aljihunsa take ci.

Su waye masu saye da yawa? Otal-otal, masu farfesu, masu gasa kifi da dare, masu biki. Duk an rufe. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun watse, unguwannin Samaru da Kongo sun yi tsit. Dillali ɗaya in ya samu ya iso bakin tafki, abin da ya taya shi ne kuɗi, mai kifi ya ce Allah ya sa albarka, zuciyarsa na ƙuna. Wallahi waɗannan bayin Allah su na fi tausaya wa.

[Hoto: robobin kifi a bayan mota]

Shi ma dillalin ba ɓagas ya ci ba. Mota ta yi wuya, haya ta hau, shingen bincike ko'ina, ga zafin ranar Afrilu. Tarwada akwai taurin rai, amma in ta daɗe cunkushe a ruwa mai zafi, wasu sai sun juya ciki sama. Kuɗin waɗanda suka mutu, a kan masu rai ake ɗora shi. Tirelar ƙanƙara kuma kowace awa a tsaye dizal take sha don kada kaya su narke, ga Naira da aka karya a Maris ɗin, dala ta koma 360 a farashin gwamnati. Sannan kasuwa 'yan kwanaki kawai take ci a mako, azumi ya kama, kowa ya fito rana guda.

[Hoto: hayaƙi, kifi jere a kan waya]

Abin da ya ceci mutane da dama, banda ce. Sana'ar iyayenmu mata, kuma ni dai miyar kuka da banda ba na haɗa ta da komai. Kifin da zai lalace a yini guda, in ya sha hayaƙi sosai sai ya yi makonni. Wasu kuma suka koma tallata kifinsu a WhatsApp, a kai wa mai saye har ƙofar gida.

Amma wanda jarinsa ya karye bai sake zuba 'ya'yan kifi ba. Tafkin da ya zauna babu komai a Mayu, ba shi da abin fitarwa a Satumba. Shi ya sa ko da aka buɗe hanyoyin jihohi a farkon Yuli, farashi bai sauko nan take ba.