Zoben Rana da Lissafin Ɗumamar Duniya

Masu sauraro, duk ranar da kuka ga zobe ya kewaye rana ko wata, ku miƙa hannu sosai, ku ware yatsu, ku rufe ranar da babban yatsa. Ƙaramin yatsa zai sauka daf da bakin zoben. Kusurwar digiri 22 ke nan daga rana zuwa zoben, kuma ko a Damagaram ko a Jamus, haka tazarar take. Sai dai a kula, kada a ƙura wa rana ido.

Ƙanƙara ce ke zana shi. Can sama, daga kilomita 6 har zuwa 18 a ƙasashe masu zafi, akwai siraran giza-gizai kamar saɓin auduga. Inda sanyi ya wuce digiri 38 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ɗigon ruwa ba ya zama ruwa, daskarewa yake. Ƙwayoyin ƙanƙarar gefe shida gare su, kamar fensir. Haske ya shiga ta wani gefe, ya tsallake na kusa, ya fita ta na gaba, sai ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar ba ta yin ƙasa da kusan digiri 22. Shi ya sa cikin zoben ya fi wajensa duhu. Ja ne a ciki, domin shi ne launin da ya fi ƙin lanƙwasa.

Me ya haɗa wannan da ɗumamar duniya? Waɗannan giza-gizai aiki biyu suke yi: suna mayar da wani ɓangare na hasken rana sama, suna kuma tare zafin da ƙasa ke fitarwa. Siraransu sun fi ɗumamawa. Amma yawan hasken da suke mayarwa ya dogara da fatar ƙwayar. Mai santsi tana barin haske ya wuce gaba, ta ba da zobe. Mai kaushi tana watsa shi, ta mayar da fiye da haka sama, zobe kuwa babu. Wanda ya sa siffar da ba ita ba a lissafin kwamfuta, hasashensa ya karkace tun daga tushe.

A nan masu bincike ke tuntuɓe. Ganin zobe ba ya nufin duk ƙwayoyin masu santsi ne, 'yan kaɗan sun isa su fito da shi. Rashinsa ma ba hujja ba ce, gajimare mai kauri kan shafe shi.

Har tauraron ɗan'adam bai tsira ba. CALIPSO, na Amurka da Faransa, wanda aka harba a 2006, yana cilla hasken leza ƙasa ya auna abin da ya dawo. Ƙwayoyi masu faɗi kamar faranti, da ke saukowa a kwance, sai suka riƙa mayar masa da hasken kamar madubi, suna ruɗa awon. A 2007 aka karkatar da shi daga digiri 0.3 zuwa digiri 3 daga kallon ƙasa kai tsaye, domin kauce musu. Ya gama aiki a 2023, wani tauraron mai awon giza-gizai, EarthCARE na Turai da Japan, ya tashi a 2024.

Yankinmu na Sahara ma da hannunsa a ciki. Ƙurar Sahara, irin wadda ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi, idan iska ta kai ta sama, a jikinta ƙanƙara kan fara kamawa, tun sanyi bai kai digiri 38 ɗin nan ba.