Amsoshin Tambayoyinku: Bugu a Kan Takardar da Aka Riga Aka Buga

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Lokacinmu kaɗan ne yau, don haka za mu buɗe wasiƙu kai tsaye, ga kuma injiniyan gyaran firinta yana tare da mu.

Wani bawan Allah ya tambaya ko sabon rubutu zai rufe tsohon da ke kan takarda. Ba zai rufe ba, Malam, domin firintar gida ba ta da farar tawada, kuma abin da ke ƙasa yana fitowa ta cikin sabon bugu.

Tambaya ta biyu ita ce ta cika mana tebur. Wata Hajiya ta ce duk lokacin da ta saka fom ko takarda mai tambarin ofis a firintarta mai fesa tawada, sai rubutun ya fito a dame, ya ɓata mata hannu, wani lokaci ma takardar ta maƙale. Injiniya, me ke jawo haka?

"To, kamar yadda aka sani, firintocin HP da Canon zafi suke amfani da shi wajen feso tawada, su kuwa na Epson wani ɗan sinadari ne yake motsi idan lantarki ya taɓa shi, kuma kowace dabara tana da nata amfani."

Injiniya, a gafarce ni, Hajiya hannunta ne ya ɓaci.

"Haka ne. Yawancin tawadar nan ruwa ne, sai takarda ta tsotse ta kafin ta bushe. Idan firintar laza, wato mai amfani da hoda maimakon tawada, ita ce ta yi bugun farko, hodarta roba ce da aka narkar da zafi ta manne, saboda haka tawada ba ta samun wurin shiga, sai ta zauna a sama, rola mai jan takarda a cikin firinta ta kwashe ta ta shafa wa sauran takardu. Haka ma takarda mai sheƙi ta maɗaba'a take yi."

Bari in maimaita domin wanda bai ji da kyau ba: tawada ba ta kama inda hodar laza ta riga ta zauna, sai a farin wuri. Idan kuwa bugun farko na tawada ne, a bar shi ya kwana ya bushe sarai, a miƙar da takardar idan ta lanƙwashe, domin lanƙwasar ce take goge kan firinta, wato ɓangaren da ke feso tawada, har ta maƙale. A riƙa saka ta ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi bugu mai ƙarancin tawada a kwamfuta, sannan a goge rola da ƙyalle mai ɗan danshi bayan an cire wuta. A ganina, Hajiya, gaggawa ma tana da hannu a wannan ɓarna.

Wani ɗalibi ya ce rubutunsa ba ya faɗawa cikin gurbin fom. Ka saita girman bugu a kashi 100, ka gwada a farar takarda, ka ɗora ta kan fom ɗin ka ɗaga su wajen haske kafin ka buga na gaske.

Shi kuma wanda ya saka takarda da ƙusar sitefula a jikinta, Malam, wannan ganganci ne, kuma injiniya ya ce ka kawo firintar a duba rolarta. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.