Laccar Samaru: yadda ake shiga cikin injin Java yana tsaka da aiki

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da taga ya ɗan tura ta don Allah, ƙarar babura ta yi yawa.

Abu uku zan yi magana a kai yau, in Allah ya yarda: me ya sa ake shiga cikin inji yana aiki, ta wace hanya ake shiga, sannan me ake yi in an shiga. Injin da nake nufi kuma ba irin na VirtualBox ba ne da kuke ɗora Ubuntu a kan Windows, a'a, JVM nake nufi, injin da ke gudanar da manhajar Java. Shi ma inji ne na manhaja zalla, ba ƙarfe ba.

Na farko. Ka rubuta manhajar rajistar ɗalibai, ka ɗora a saba, ranar ƙarshe ta rajista ta zo, yara sun cika shagunan intanet tun daga Samaru har Kongo, sai abu ya tsaya cak. Me yawancinmu muke yi? Ku faɗa mana. (dariya) A kashe a kunna! To ai ya tashi, amma ka kashe shaidarka da hannunka, duk abin da ya sa ya tsaya ya tafi da memori, gobe kuma zai sake kuma ba ka san komai ba. Shi ya sa tun Java 6, a 2006, kamfanin Sun, mai Java a lokacin, ya saka abin da ake kira Attach API. Manhaja ɗaya ta kama wata manhajar da ke gudana ta lambarta, ta yi mata tambayoyi, ta sake ta, ba a kashe komai ba. Kayan aikin nan na masu Java, na cikin JDK, wato kunshin kayan rubuta manhajar Java, jstack, jmap, jcmd, har VisualVM, ta nan suke bi. Na farko ke nan, ba shi da tsawo.

Na biyu shi ne inda nake so mu zauna, don wallahi ni abin nan yana burge ni har yau. A cikin kod layi ɗaya ne, ka rubuta VirtualMachine.attach ka ba shi lambar aikin, wato pid. Shi ke nan. Amma shi wannan layin bai san yadda ake shiga ba, ko kaɗan. Bai san Linux ba, bai san Windows ba. Abin da yake yi kawai, yana tambaya: su wane ne masu haɗawa da ke nan? Sunansu a kod AttachProvider. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa na farko, za ka iya kai ni wurin lamba kaza? In ya ce ba zan iya ba, ya wuce na gaba. In duk suka kasa, sai ka ga AttachNotSupportedException a fuskar kwamfutarka.

Ku 'yan cikin birni kun san wannan. Baƙo ba ya faɗawa gidan mutane kai tsaye. Ka tsaya a ƙofa, ka samu yaro ka ce a yi maka sallama da maigida, maigida ya fito zaure, nan za ku yi magana. Kai baƙo ba ruwanka da yadda cikin gidan yake, yaron ne ya san hanya, kuma kowane gida da yaronsa. To mai haɗawa shi ne yaron.

Yanzu ku ga yadda yaron Linux yake sallamar, ku rubuta wannan. Da farko yana duba babban fayil na /tmp, ko akwai wani soket, wato ƙofar da manhajoji biyu ke magana ta cikinta, mai suna .java_pid da lambar aikin a gabansa. In akwai, an riga an buɗe zaure, ya shiga. In babu, sai ya ajiye wani fayil wanda ba komai a cikinsa, ba komai fa, mai suna .attach_pid da lambar, sannan ya aika wa injin sigina, SIGQUIT. Kun san shi, shi ne kill -3. To a al'ada in JVM ya ji wannan siginar, abin da yake yi shi ne ya zubo jerin zarurrukan aikinsa gaba ɗaya, wato ƙananan ayyukan da ke gudana a cikinsa lokaci guda. Amma kafin ya zubo sai ya leƙa, akwai fayil ɗin nan? In ya gan shi, ya ce a'a, wannan baƙo ne ke sallama. Sai ya tada wani zare mai suna Attach Listener, shi kuma ya buɗe soket ɗin a /tmp, kayan aikinka ya shiga, a fara magana.

Kun ga dabara? Sigina ɗaya, ma'ana biyu, fayil marar komai ne ya raba su. Kuma kafin baƙo ya zo ba a buɗe komai ba, injin ba ya ɓata ƙarfinsa yana jiran wanda ba lallai ya zo ba. Ni a wurina wannan aikin mai hankali ne. Wasu za su ce ai dabarar gargajiya ce, ba tsari. Eh, na yarda ba ta da kyan gani, amma shekara nawa tana aiki? Bari in maimaita don na ga ƙanwata can tana rubutu da sauri: a duba soket, a ajiye fayil, a aika sigina, a jira 'yan daƙiƙu, a shiga.

A Windows fa? Babu SIGQUIT a can. Yaron Windows wata hanya yake bi daban, yana cusa zare ne kai tsaye cikin aikin da ake nema, amsa kuma ta dawo ta bututu mai suna. Hanya daban ƙwarai, amma kod ɗinka bai canza ko harafi ɗaya ba. Injin OpenJ9, wanda asalinsa na IBM ne, shi ma da nasa tsarin. Wannan shi ne amfanin raba aikin: mai rubuta jcmd ya rubuta sau ɗaya, mai kowane inji ya kawo yaronsa. Kuma abin dariya, in ka tambayi mai haɗawa na HotSpot, wato injin Java da aka fi amfani da shi, sunansa, har gobe "sun" zai ce maka, alhali Oracle ta saye Sun tun 2010. Maigida ya sayar da gida, yaro bai ji labari ba. (dariya)

Ta ina ake samo masu haɗawar? ServiceLoader, wato abin da Java ke nemo irin waɗannan da shi. A da, fayil ne ake ajiyewa a META-INF/services, ka rubuta sunan ajinka a ciki, injin ya karanta ya ɗauko. Daga Java 9, a 2017, da aka kawo tsarin modul, abin ya koma cikin jdk.attach, tools.jar kuma aka yi masa jana'iza. Don haka in ka ga tsohon darasi a YouTube yana cewa ka nemo tools.jar, duba shekarar bidiyon kafin ka ƙone datarka. In kuma ka ga saƙon "no providers installed", ba injin ne ya ƙi ka ba, kai ne ba ka da yaron aike, galibi an girka Java guntu ne ba cikakken JDK ba.

To na huɗu... na uku ne? Na uku. Ku bar ni, rana ta yi. Me ake yi in an shiga. Da sauri: jcmd da lamba da Thread.print zai nuna maka inda kowane zare ya tsaya, in biyu sun riƙe wa juna makulli ma zai faɗa maka ƙarara. GC.heap_dump ya kwashe memori ya zuba a fayil, amma ku yi hankali, yana iya tsayar da manhajar na ɗan lokaci kuma fayil ɗin ƙato ne, kar ka cika faifan saba ka ce ni na sa ka. JFR.start ya fara naɗar abin da ke faruwa. Sai babba, loadAgent, ka loda kod ɗinka, wanda ake kira agent, cikin injin, ya shiga ta agentmain, har ya iya sauya ajin da ke gudana. In ka gama ka kira detach, kar ka manta.

Au, na tsallake wani abu a na biyu. Tunda komai a /tmp yake, duk abin da ya taɓa /tmp ya taɓa ka. A tsofaffin JDK, in mai share tsofaffin fayil ya goge soket ɗin, injin yana nan lafiya amma ba ƙofa. Haka ma a tsofaffin JDK, in systemd, mai tada manhajoji a Linux, ya ba manhajar /tmp nata na kanta, kai kana dubawa nan, ita tana can. Docker ma, mai killace manhaja a cikin kwantena, haka, lambar da kake gani a waje ba ita ce ta ciki ba, mafi sauƙi ka shiga kwantenar ka yi aikin daga ciki. Sannan ka tabbatar da lambar da jps, mai jero manhajojin Java da ke gudana, kafin ka buga, don a tsofaffin JDK in ka ba da lambar abin da ba Java ba, SIGQUIT kashe shi zai yi.

Eh, ɗan'uwa mai jar hula, bismillah.

"Malam, to in haka ne ai kowa zai iya shiga ya kwashe kalmar sirri daga memori ke nan?"

Yawwa, Allah ya yi maka albarka, da ma ina neman wanda zai tambaya. Ba kowa ba. Injin yana duba wane ne ya ƙwanƙwasa, sai mai asusu ɗaya da shi, ko root, wato babban asusu mai iko da komai. Soket ɗin ma mai shi kaɗai ke da izinin karantawa da rubutawa. Amma wanda ya samu wannan asusun, eh, ya samu komai, kalmar sirrin rumbun bayanai, komai. Kuma na san halinmu, saba ɗaya, asusu ɗaya, mutum shida sun san kalmar, har wanda ya gama bautar ƙasa ya tafi bara. (dariya) Kar ku yi dariya, wasunku haka kuke.

Su ma masu Java sun ga wannan. Tun Java 9 aka hana inji ya kama kansa da kansa sai ka ba da izini. A JDK 21, 2023, in aka loda agent cikin inji mai gudana sai ya buga gargaɗi, da niyyar nan gaba a rufe shi sai wanda ya buɗe da gangan. Masu gwajin kod da Mockito kun sha ganin saƙon nan. In kana so ka toshe gaba ɗaya akwai -XX:+DisableAttachMechanism, amma ka sani ranar da abu ya tsaya kai ma jcmd ba zai shigar da kai ba. Ni dai ba na toshewa, ina ba kowace manhaja asusunta, in rage masu root. Wanda ya zo da laftof ya matso gaba, akwai soket na wuta biyu a nan, mu gwada jps kafin a kira la'asar.