Amsoshin Tambayoyinku: Gajiyar da Ta Ƙi Hucewa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin jami'a ce a Zariya. Ya ce tun zamanin korona yake fama da ciwon kai da rashin barci, ga saurin fushi da ɗalibai har da iyali. Yana tambaya, ciwo ne ko kasala?

Malam, ba kasala ba ce. A watan Maris na 2020 aka rufe jami'o'i, yajin aikin ASUU ya kai har Disamba, albashin malamai da yawa ya maƙale saboda rikicin IPPIS, wato tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya. Da aka dawo a 2021 sai aka matse zangon karatu, takardun jarrabawa suka yi tsibi a kan tebur. Wanda ya koyar ta Zoom ya san sauran: bayan minti 40 ta katse, data daga aljihunka, wuta babu, ɗalibai na turo saƙo har tsakar dare. Jiki idan ya daɗe cikin fargaba yakan yi ta sakin sinadarin damuwa da ake kira kotisol, jini ya hau, barci ya riƙa yankewa.

Fara da awon hawan jini. Ka zauna minti biyar kafin a auna, safe da yamma, kwana bakwai, kana rubutawa. Idan yana kaiwa 140 bisa 90, kai takardar wurin likita. Ka kuma lura da farasitamol: mai shansa kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa ke dawo masa da ciwon kan, kuma nan ne mutane da yawa ke rufta. Goro da kofi da shayi mai kauri, a bar su daga la'asar.

Sai ka yi wa aikin shinge. Saƙon ɗalibai ya bi ta hannun wakilin aji, bayan isha'i a ajiye waya. Makin takardu kuwa, ashirin a zama ɗaya, ka miƙe ka taka. Tafiyar ƙafa minti 30, kwana biyar a mako.

Wata malama daga Sakkwato ta tambaya ko ta sayi ƙwayar barci a kemis. A'a, Malama. Irin su diyazefam jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, barinsu ya zama wani ciwon. Idan ƙuncin rai ya kai mako biyu, abinci da aiki duk sun fita a ranki, ki ga likitan asibitin jami'arku, ko ki je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Idan kuwa tunanin cutar da kai ya zo, a ranar za ki je, tare da wani na kusa.