Lacca: Ruwayen Ƙasarmu da Dausayin Haɗeja-Nguru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Wurare biyar na yi niyyar mu zagaya yau, wuraren ruwa na Najeriya da ya kamata a ce jama'a na tururuwar zuwa gani.

Na farko Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ka hau Dutsen Patti ka leƙo ƙasa, za ka ga mahaɗar da idonka. Na biyu tafkin Kainji, wanda madatsar da aka kammala a 1968 ta haifar. Argungu kuwa ba sai na ɓata muku lokaci ba, tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. To, bari in zo inda zuciyata take.

Dausayin Haɗeja-Nguru. Wa ya taɓa zuwa? Ɗaga hannu. Kun gani ko? Ga shi a bayan gidanmu, tsakanin Jigawa da Yobe.

Kogin Haɗeja ya taho daga ƙasar Kano, Kogin Jama'are ya taho ta ƙasar Bauci. Da suka iso nan sai suka tarar da ƙasa a shimfiɗe, ba gangare, sai ruwan ya bazu cikin fadamu tsakanin tuddan rairayi. Abin da ya rage shi ne yake tafiya a Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Wannan bazuwar ita ce rayuwar wurin. Ku riƙe wannan, bazuwar ita ce rayuwar wurin. Ruwa ya zo, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ruwa ya janye, mai noman rani ya bi danshi, Bafulatani ya shigo da shanunsa. Ƙasa ɗaya, mutum uku na ci.

Ku je da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Ku fita da asuba a kwalekwale, masunci na tura shi da sanda, hazo bai tashi ba. Kafin ka ga komai kunnenka zai fara ji, kirinjijiya na fito ta ko'ina. Can sai ga zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, ga dinya, ga balbela fari fat a kan bishiya. Sai kuma baƙi, agwagin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai, suka tsallake teku, suka tsallake Sahara, ba fasfo ba biza! (Dariya.) Wallahi in suka tashi gaba ɗaya sai ka ɗauka hadari ne ya haɗo.

Saboda su ne aka keɓe Dagona a ƙasar Bade, cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Saboda su ne tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Baturiya ta Jigawa ta biyo baya a 2008.

Na uku, a'a, muna cikin na nawa ne? To, a bar lissafi. Abin da ke damuna shi ne, an gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba na zagin madatsa, Kano na sha, Kadawa na noma. Amma ambaliyar da ta saba zuwa ta tafi a kan lokacinta ta canza. Inda ya kamata ya bushe da rani, yanzu ruwa na kwance duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, masunci ba ya iya jefa koma, tsuntsu jan-baki ya samu makwanci, da safe ya faɗa wa shinkafar talaka. Ku tambayi duk wani manomi a Guri ko Nguru, kafin ku rufe baki zai ce muku kacalla.

Na'am, ɗan'uwa a baya?

(Tambaya: Malam, maganar tsaro fa? Kuma ba ka ce komai kan Tafkin Chadi ba.)

Madalla, ka tuna min na biyar ɗin. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai, kuma rikicin Boko Haram ya sa ba zan ce wa ɗan kowa ya tafi can yawon buɗe ido yanzu ba, Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Ɓangaren Haɗeja daban ne, amma duk da haka ku yi tambaya kafin ku tashi. In kun isa ku fara da gaida mai gari da ma'aikatan gandun, su haɗa ku da masunci ɗan wurin, ku biya shi haƙƙinsa da kyau. Kar ku cika kwalekwale, kar dare ya yi muku a ruwa, kuma kowa ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo. Akwai wata tambaya?